Lilo Mai Gwiwa

Wata ranar Asabar ce a cikin watan Yuli na 1977. An kwana ana ruwa, kwatar bakin gidanmu a Fagge ta cika ta dawo cikin soro. Ina tsaye da tsintsiya ina korar ruwan sai Yaya Mumini ya leƙo daga ɗakinsa ya ce in na gama yana nemana. Ban gama ba, na dai jingine tsintsiyar na shiga.

Abdulmuminu sunansa, shi ne babba a gidanmu. Ya yi digiri biyu a Zariya, a lissafi da fiziks, yana koyarwa a wata sakandare. Ni kuwa Isyaku, ina aji biyu na sakandare na fito shan iska wata rana, ban koma ba. Daga nan na yi yaron tela, na yi yagar tikiti a silima, na yi dako a tashar jirgin ƙasa. A lokacin da nake ba da labari ina shagon Oga Boniface mai gyaran agogo a Sabon Gari, kuma ƙafata ta soma ƙaiƙayi.

Ɗakin Yaya shi ne ɗakin soro. Yana da taga mai kallon titi, da fanka, da ƙofar da mutum zai shiga ya fita ba tare da Inna ta san ya motsa ba. Ni a cikin gida nake kwana da ƙannena uku, biyu daga cikinsu ba su daina jiƙa tabarma ba. Baba ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da Mumini ya tafi Ingila, ɗakin ya zama nawa. Saboda haka duk gidan babu wanda ya kai ni son ilimin Yaya ya ci gaba.

Wata jami'a a Ingila ta ɗauke shi karatun digirin dakta tun bara, amma bai sami mai ɗaukar nauyinsa ba. Sun riƙe masa gurbin shekara guda, suka ce ba za su wuce watan Oktoba mai zuwa ba. A shekarun nan gwamnati na raba sikolashif kamar goron suna, sai dai injiniyoyi da likitoci take nema. Da Yaya ya yi musu bayanin abin da zai karanta, sai suka tambaye shi in ya dawo me zai gina. Ya ce babu. Suka yi masa godiya.

Wanda ya rage shi ne Alhaji Goni Kyari, ɗan kwangilar da siminti ya azurta. Yana tura samari karatu ƙasar waje da aljihunsa, tun daga kuɗin makaranta har kwat ɗin sanyi, kuma shi da kansa yake ganawa da su a ofishinsa da ke titin Ibrahim Taiwo. Kowa ya san Alhaji ba ya karanta takarda. In kana so ya gane abu, sai ka nuna masa da ido.

Yaya ya shimfiɗa wani zane a kan gado ya ce, “Ka san lilon agogon bango?”

Na ce, “Shi nake gogewa kullum.”

“To irinsa nake so Boniface ya ƙera min, amma mai gwiwa a tsakiya. Sanda biyu, ta sama tana lilo, ta ƙasa tana rataye a jikinta, ita ma tana lilo a kan kanta.”

“Ai ba zai ba da lokaci ba.”

“Ba lokaci nake nema ba. In ka ɗaga shi sama ka saki, ba ya maimaita hanya. Ko sau biyu ka sake shi daga wuri ɗaya, in bambancin ya kai kaurin gashi, nan da nan sai hanyoyin su rabu. Kuma ba hauka yake yi ba. Doka yake bi sau da ƙafa, na ma iya rubuta maka ita a layi huɗu. Amma babu wanda zai iya gaya maka inda zai kasance an jima kaɗan.”

Na ce, “Haka Baba yake faɗa a kaina.”

Ya ce, “Kai ba ka bin doka.”

Oga Boniface haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Lokacin yaƙin basasa ya tafi gabas, da ya dawo ya tarar shagon ubansa ya zama gidan tuwo, sai ya sake farawa da tebur ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Zuwa lokacin da na je wurinsa ya sake samun shago, bangon cike da agogo, duk suna bugawa tare kamar an yi musu fareti. Yana da ka'ida biyu da kowa a layin ya sani. Ta farko, babu abin da zai fita daga shagonsa yana tafiya ba daidai ba. Ta biyu, duk abin da ya cire daga kayan mutum, ko da ƙaramar kusa ce, sai ya sa a kwalin ashana ya mayar wa mai shi.

Ya karɓi zanen ya juya shi sama da ƙasa. Da na ce masa na Yaya ne, kuma gaban Alhaji Goni za a kai, sai ya tura agogon da ke hannunsa gefe. Yana ganin girman Yaya ƙwarai. Ticha yake ce masa, kuma in ya zo shagon sai ya kori yaro daga kan kujera.

Ya yi aikin da kyau, wannan babu musu. Sandunan na tagulla ne masu nauyi, ya samo boris daga wata tsohuwar besfa ya sa a gwiwar, ya ɗaure da noti. Ya kafa duka a kan katako mai kauri, a jikin katakon kuma ya liƙa ɗan farantin ƙarfe da aka zana sunansa da lambar shagonsa.

Ranar gwaji Yaya ya zo bayan an tashi daga makaranta. Ya ɗaga sandunan sama ya saki. Abin ya faɗo ya lanƙwashe, sandar ƙasa ta wulwula sau uku, ta tsaya cak kamar ta tuna wani abu, sannan ta koma baya da gudu. Ya sake ɗagawa ya saki, ya yi wani abu dabam. Mutane suka taru a bakin ƙofa. Wani mai rake ya ce a nemo turare. Ban taɓa ganin haƙoran Yaya duka a waje ba sai ran nan.

Oga Boniface bai yi dariya ba. Ya dubi agogunansa na bango, ya dubi abin, ya share gumi.

“Ticha, bar min shi in daidaita.”

“Kada ka taɓa komai, Oga. Haka nake son shi.”

“Haka za ka kai gaban Alhaji? Yana farfaɗiya?”

“Farfaɗiyar zan je in karanta.”

“Da sunana a jiki?”

Madam Veronica, matar Oga, wadda ke sayar da burodi da madara a shagon kusa, ta leƙo ta ce, “Ticha yana jin nauyinka ne, Boni. Ba zai iya ce maka aikinka bai yi ba a gaban mutane.”

Yaya ya rantse ba nauyi yake ji ba. Ya ce a goge tagullar kawai, a shafa wa katakon fenti, ranar ganawa Isyaku zai zo ya ɗauka. Oga ya ce, “Gogewa kawai.” Ya faɗa yana kallon matarsa.

A satin nan ne wani direba mai suna Innocent ya ce yana neman kwandasta a kiya-kiyarsa da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Bata da cikin gari. Na ga aiki ne da ba a zama wuri ɗaya, sai na yi wa Oga sallama. Bai yi mamaki ba, ya ce dama ya ga alama tun ranar da na fara goge agogo a tsaye. Don haka ban san me aka yi a shagon ba daga ranar.

Ranar ganawa na je da safe. Na tarar an naɗe abin da takarda mai kauri, an ɗaure da igiya kamar kayan biki. Oga ya ɗaura lakataya a wuya, ko da yake ba shi za a gani ba. Ya ce kada a kwance sai a gaban Alhaji, don damshin damina yana dusar da tagulla. Na miƙa masa ladan aikin da Yaya ya ba ni, ya mayar min cikin aljihu.

“Ka gaya wa Ticha gudummawata ce. Ba zai ji kunya ba.”

Madam ta ce ta yi masa addu'a a coci, ta kuma ba ni burodi.

A ɗakin jira na ofishin Alhaji mun tarar da samari cike da benci. Na kusa da ni ya ce karatun kula da otal zai yi. Na kusa da shi ya ce shi ko me aka ba shi yana so, in dai a Amurka ne. Kowa ya shiga ba ya daɗewa sai ya fito yana murmushi, wani tela da ke zaune a lungu ya auna shi da tef saboda kwat. Yaya yana zaune da babbar rigar Baba, yana motsa baki yana bitar abin da zai faɗa. Ni kuma ina rungume da ƙunshin, ina tunanin inda zan sa gado a ɗakin soro.

Sakatariyar Alhaji, wata mata mai suna Chinyere, ta kira mu. Ofishin sanyi ƙalau, ƙafa tana nutsewa a kafet. Alhaji Goni ƙaramin mutum ne a bayan babban tebur. A gefen damansa akwai wani akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwa, da fitila a ciki, jajayen kifaye suna yawo. Kafin mu gama gaisuwa ya gaya mana a jirgin sama aka kawo su, kuma babban cikinsu sunansa Darakta.

“Kai ne ɗan Malam na Fagge? Madalla. Me za ka karanto mana?”

Yaya ya ce, “Ranka ya daɗe, gara in nuna maka.”

Na ɗora ƙunshin a kan tebur na kwance igiyar. Tagullar tana ƙyalli har tana kashe ido. Yaya bai duba ba, idonsa na kan Alhaji, yana cewa abin da za a gani yanzu babu wanda ya isa ya faɗi yadda zai kasance, ko shi, ko malaminsa na Ingila. Ya kama ƙarshen sandar ya ɗaga ya saki.

Abin ya tafi dama, ya dawo hagu. Ya tafi dama, ya dawo hagu. A miƙe, a natse, kamar limami yana tafiya masallaci. Sai a lokacin muka lura da wani ɗan faranti na tagulla da aka ɗaure a bayan gwiwar da kusoshi biyu, ya haɗe sandunan sun zama ɗaya. An yi aikin da tsafta sosai, sai ka matso za ka gan shi.

Alhaji ya cire agogon hannunsa ya riƙe yana gwadawa. Kansa yana bin lilon.

“Dama. Hagu. Ai ni ma na iya faɗa. Dama. Ka gani? Kai, wannan abu ya yi kyau. A nan Kano aka yi shi?”

Na ce, “A Sabon Gari, ranka ya daɗe.”

“To shi ke nan. Na ɗauki nauyinka. Ka je ka karanto, in ka dawo mu buɗe masana'antar agogo a Bompai, mu huta da na Turawa. Chinyere, a auna shi.”

Na fara tattara takardar naɗin. Yaya bai motsa ba.

“Ranka ya daɗe, ba haka ya kamata ya yi ba.”

Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar.

Alhaji ya ce, “Yaya ya kamata ya yi? Ga shi yana tafiya daidai.”

“Lalacewar ke nan. An gyara shi.”

Na matsa kusa da kunnensa na ce, “Yaya, an ba ka. Ka je a auna ka. In ka isa Ingila ka karanta abin da ka ga dama.”

Ya ce a hankali, “In dawo ya ce ina agogo?”

“Kafin nan wa ya san inda kowa yake?”

“Ba ni sukundireba.”

Tun zamana a shagon Oga akwai wata ƙarama da ke zama a aljihuna. Na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona da hannu a miƙe, a gaban Alhaji. Yayana ne, ni ƙane. Na ba shi.

Ya kwance kusoshin biyu, ya ajiye farantin a kan tebur. Gwiwar ta saki. Ya roƙi Alhaji ya duba da kyau, ya ɗaga sandunan har sama, ya saki.

Gaskiya ko a shago bai yi kyau haka ba, don Oga ya zuba wa boris ɗin mai. Ya faɗo ya naɗe, ya warware, sandar ƙasa ta yi juyi kamar fanka, ta tsaya a sama tana shawara, ta zubo ta ɗaya gefen. Alhaji ya ce “Dama,” abin ya yi hagu. Ya ce “To hagu,” abin ya wulwula a wuri ɗaya. Alhaji ya miƙe tsaye. Har ya soma murmushi, ni ma a raina na soma mayar da gadona ɗakin soro.

Sai sandar ƙasa ta fice daga gwiwar. Ta bi ta gaban hancin Alhaji, ta wuce kafaɗar Chinyere, ta shiga akwatin gilashin ta tsakiya.

Ƙarar ba ta da yawa. Ruwan ne ya yi yawa. Ya zubo gaba ɗaya kan kafet, da duwatsu, da ciyawar roba, da kifayen suna tsalle a tsakanin ƙafafun kujeru. Fitilar ta yi tartsatsi ta mutu, iyakwandishan ya bi ta. Chinyere ta fita neman bokiti. Ni na ga Darakta a ƙarƙashin tebur, na kama shi na jefa a butar alwalar Alhaji, don ita kaɗai ce mai ruwa a kusa.

Alhaji ya koma ya zauna, ya ɗaga ƙafafunsa daga ruwan ya ɗora a kan kwandon shara. Bai ɗaga murya ba.

“Malam, ka san can zai je?”

Yaya ya ce, “A'a, ranka ya daɗe. Ficewar ba ta cikin lissafi. Amma sauran duka shi ne abin da nake so in karanta.”

“Shekara nawa karatun?”

“Uku, ko huɗu.”

“In ka gama, za ka san inda zai je?”

“A'a. Zan san dalilin da ya sa ba za a iya sani ba.”

Alhaji ya dubi wani kifi da ya daina motsi kusa da takalminsa.

“To ni ma yanzu ban sani ba, kuma ban biya kowa ba. Ka gai da Malam.”

Da muka fito telan ya miƙe da tef ɗinsa, Chinyere ta girgiza masa kai, ya koma ya zauna. Samarin da ke benci suka bi rigar Baba da kallo, ta jiƙe har gwiwa. Muka taka da ƙafa har Fagge, Yaya riƙe da sandar, ni ɗauke da katakon. Da muka kusa gida ya ce, “Ka ga juyin da ya yi kafin na ƙarshe?” Na ce na gani.

Bayan la'asar sai ga Oga Boniface a kan kekensa, har yanzu da lakataya. Ya yi sallama a soro, ya gai da Baba, ya zauna a bakin gadon Yaya.

“Ticha, ya yi aiki?”

“Ya yi, Oga. Naka ya yi, nawa ma ya yi.”

Ni na ba shi labarin, tun daga dama da hagu har butar alwala. Ya saurara bai katse ni ba. Da na kai inda Alhaji ya ce a auna Yaya, sai ya gyaɗa kai ya dubi Yaya, kamar labarin ya ƙare. Da na ci gaba sai ya cire lakatayar ya naɗe ta a hannu.

“Ka cire farantin?”

“Na cire.”

“Ai da na sa faranti, noti ba shi da aiki, sai na cire shi.” Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana ya ajiye a kan gado. “Shi na kawo maka. Da safe na manta ban sa a ƙunshin ba. Naka ne.”

Yaya ya buɗe kwalin, ya ga notin, ya rufe. Ya ce, “Na gode, Oga.”

Oga ya ce, “Amma ka ga ya ba ka kafin ka taɓa.”

“Ya ba ni.”

“To.”

Inna ta aiko da kunu, suka sha. Da zai tafi ya roƙi a cire farantin sunansa daga jikin katakon, na cire masa da sukundirebar.

Oktoba ta zo ta wuce. Yaya ya mayar da notin ya ɗaure, ya kafa abin a bangon ɗakinsa. In ya dawo daga makaranta yakan ɗaga ya saki, ya zauna yana kallo, yaran layi suna leƙe ta taga suna caca da gyaɗa a kan inda zai faɗa. Ni na bar kiya-kiya na koma wurin wani mai hoto a Kwaciri. Na ji an ce Darakta ya rayu, an sayo masa sabon akwati.

Abin da aka rasa: akwatin gilashi ɗaya, kifi takwas, kafet ɗaya, iyakwandishan ɗaya, babbar rigar Baba da ta ƙi barin ƙarni, digirin dakta ɗaya, da ɗakin soro.